Ranar da Ya'u Ya Tsallake Igiya

Abijan, 9 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga ƙanwata Atika, malamar yaƙi da jahilci, Jiratawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Rashid da yara, kamar yadda muke nan lafiya lau. Salima tana gaishe ki ƙwarai. Ina gajiyar damina, ina kuma labarin girbi?

Dalilin wannan takarda shi ne autanmu Ya'u. Akwai wani Mushe Tano da ke sayen nama a teburina a kasuwar Ajame. Aikinsa shirya damben zamani, wanda ake yi da safar hannu a cikin igiya, nan ana ce masa boks. Yana da 'yan dambe nasa da yake ciyarwa, yana kai su Dakar har da Faransa. Na yi ta yi masa zancen Ya'u, da cin da ya yi a Yamai da Damagaram, har mutumin ya gaji da ni. Yanzu dai ya yarda. A farkon Disamba zai kai yaransa wasa Yamai, daga can zai turo ɗaya daga cikinsu, mai suna Bazil, zuwa Maraɗi. Idan Ya'u ya ci Bazil, Mushe Tano zai sa masa hannu a kwantiragi, ya dawo Abijan, dambe ya zama sana'arsa ta cin abinci. Idan bai ci ba, shi ke nan, domin mutumin ba ya maimaita magana.

Ya ce in kawo masa tarihin yaron. Kin san na bar gida Ya'u bai fi tsawon tebur ba, ke kika raine shi. Ki rubuto mini duk abin da kika sani, ki ba Ɗan'auta direban motar albasa. Amma don Allah ki rage zafin baki, saboda sai na juya wa mutumin maganar da Faransanci.

Ki gaishe da kowa da kowa. Wassalam.

Yayanki,
Abdulrazak

Jiratawa, 30 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga Yaya Abdulrazak,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da lafiyarku. Malam yana gaishe ka, ka gaishe mini da Salima. Gero ya yi, ba laifi. Sauran labarin ƙasa kuwa ka ji a rediyo: ma'aikata na yajin aiki, kuɗinmu sefa ta faɗi ba ta tashi ba, an rushe majalisa, ga wani sabon zaɓe a Janairu. Mun gaji da dangwala yatsa a tawada.

Ka ce in rage zafin baki. To, ni zan zuba, kai ka tace.

Ka gaya wa Mushe Tano an haifi Ya'u a Tsibiri, a gidan mahauta, shekarar babban fari. Inna ta rasu bai daɗe da yaye ba, a bayana ya girma. Ka gaya masa ubansa shi ne Gatari, wanda in aka kaɗa takensa a kalangu, 'yan dambe ke neman hanyar gida. Amma Ya'u bai taɓa ganin wannan Baban ba. Wanda ya sani shi ne tsohon da hannunsa ke rawa har ba ya iya riƙe wuƙa, yana zaune gefen tebur wasu na yanka masa nama. Daga lakwal ma, makarantar boko, a kan Baba aka kore shi: wani yaro ya kwaikwayi tafiyar tsohon, Ya'u ya cire masa haƙori.

Bayan rasuwar Baba ya ɗauki zarensa a cikin jaka, ya naɗe hannu, ya shiga fili nan Jiratawa da kaka, ban sani ba sai da na ji shewa. Ya yi kisa a turmin farko, a kan ƙato mai gemu. A ranar Maman Lawali ya gan shi. Ba ka san shi ba, tsohon soja ne mai gyaran babur da mota a Sabon Gari, ya yi boks a bariki, yaransa suna ce masa Metir, wato malam. Ya zo har gida ya roƙe ni yaron. Bayan garejinsa ya rataye buhun rairayi a iccen bedi, nan ne duk makarantar.

Wahalar da bawan Allah nan ya sha kan Ya'u, Allah kaɗai zai biya shi. Ɗan dambe bai san hagu tana bugu ba, garkuwa ce kawai. Maman Lawali ya ɗaure masa dama a baya rani guda, sai da hagun ta koyi magana. Ya hana shi shuri. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne faɗuwa. Ka sani a dambenmu gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, sai kiɗa da rawa. A nasu kuwa, in mutum ya faɗi, sai ka koma kusurwa ka tsaya, alƙali ya ƙirga masa goma, in ya tashi a ci gaba. Na sha jin Metir yana cewa, "Hwaɗuwa ba ci ba ce, Ya'u. Kusurwa! Sai an ɗaga maka hannu." Haka suka yi shekara da shekaru, har ya zama abin da kake ji.

Wannan shi ne na Mushe Tano. Sauran naka ne, kada ka juya masa.

Tun da labarin wasan nan ya fita, Alhaji Abdulmutallib ya sa mu gaba. Ka tuna shi, mai man fetur da atamfa. Yanzu kujerar dapite yake nema, wato ɗan majalisa. Ya je garejin Metir da Marsandi, ya ce shi zai ɗauki nauyin fili da masauki da komai, wai Ya'u ɗansa ne. Ɗansa! Alhajin da in Baba ya kai nama gidansa, a ƙofa ake tsayar da shi, ƙwaryar da ya sha ruwa kuma a ajiye ta gefe don mahauci ya sa baki. Yau shi ke dafa kafaɗar jinin Gatari a gaban mai hoto. Na ga hoton manne a tasha. Ƙanenka kuwa ya washe baki kamar an ba shi gari. Yanzu a gidan Alhaji yake cin tuwo, nawa ya yi masa tsami.

Na yi masa magana, ya ce ni ba na son ci gabansa. Kai ka gwada, wataƙila naka bakin ya fi nawa sanyi.

Allah ya bar zumunci. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Atika

Maraɗi, 20 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga babban yaya,

Salamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, ina gaishe da Anti Salima da yara. Wani abokina mai kabu-kabu ke rubuta mini, in ka ga kuskure nasa ne.

Yaya, na gode, na gode. Ka ce ma Mushe Tano ya shirya biro. Kullum da asuba ina gudu daga Maraɗi zuwa Tsibiri in dawo, Metir na bina da babur yana zagina. Buhun rairayi ya fashe har an sake wani. Wannan Bazil ko da ƙarfe aka yi shi sai ya kwanta.

Na san Yaya Atika ta rubuto maka a kan Alhaji. Kada ka biye mata, ita kowa ba ya yi mata. Alhaji ya sa an buga riguna da hotona. Yanzu in na bi ta kasuwa har masu kanti na tashi su ba ni hannu. Da wa ya san ni? Ni ba ruwana da jam'iyya, mutum ya girmama ni ne kawai.

Abu ɗaya ke damuna. Metir ya ce ranar wasa ba kiɗa, ko gwangwani kada a buga. Ya je ya sa Alhaji ya yi masa alkawari. Alhaji ya yi dariya ya ce wasan da ba kiɗa ai zaman makoki ne, amma ya yarda. Amma Yaya, kai ka taɓa jin ana kaɗa ma Baba take a fili, Yaya Atika ma ta ji. Ni kaɗai ne ban ji ba.

A sa ni a addu'a. Sai mun haɗu a Abijan da yardar Allah.

Ƙanenka,
Ya'u Gatari Ƙarami

Abijan, 12 ga Disamba, 1994

Atika,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwata, raina ba a kwance yake ba.

Me ya faru a Maraɗi? Direbobin da suka iso shekaranjiya sun zo teburina suna yi mini barka, sun ce Ya'u ya kashe baƙon, an yi ta yawo da shi a kafaɗa har magariba. Na raba goro, na ba maƙwabta nama kyauta. Jiya na sa babbar riga na je ofishin Mushe Tano. Ya dube ni ya ce, "Ƙanenka ya gudu." Ya nuna mini takardar alƙalin wasa, an rubuta Bazil ne ya ci. Ga Bazil ɗin zaune, fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe. Na fito da kunya a gaban mutane.

Yaya za a yi wanda ya ci ya zama haka, wanda aka ci kuma a ɗauke shi a kafaɗa? Kin je filin? Ki gaya mini gaskiya, wannan karon ba na neman ki rage komai.

Yayanki,
Abdulrazak

Jiratawa, 19 ga Disamba, 1994

Zuwa ga Yaya Abdulrazak,

Sallama da gaisuwa. Lafiyar jiki muna da ita, alhamdu lillahi. Ka gaishe da Salima.

Na je filin. Malam bai so ba, ya ce ba wurin matan aure ba ne, na ce wanda na goya ba zai shiga igiya ina gida ina tankaɗe ba. Direbobi ba su yi maka ƙarya ba, Mushe Tano ma bai yi ba.

Bayan la'asar aka fara, amma tun azahar fili ya cika. Alhaji ya kwaso mutane daga ƙauyuka a manyan motoci, an raba musu riguna da huluna masu launin jam'iyyarsa. Rabinsu ba su san abin da suka zo kallo ba. Wata a gefena ta tambaye ni ko kokowa ce. Kafin a buga ƙararrawa sai da muka sha jawabi: zai kawo rijiya, zai kawo taki, zai mayar da sefa yadda take. Mutumin da ya ɓoye atamfa a sito ranar da sefar ta faɗi, ya fito da ita da sabon farashi. Aka yi ta tafi.

Bazil yaro ne mai natsuwa, bai kalli kowa ba. A turmin farko ya wahalar da Ya'u, ya fasa masa gira, na rufe ido da gyale. A na biyu Ya'u ya fara gane shi. A na uku ya sa masa hagu a ciki, ya bi da dama a muƙamuƙi. Yaya, har inda nake na ji ƙarar. Bazil ya faɗi da baya, ƙafafu a sama.

Alƙali ya durƙusa ya fara ƙirga. Metir yana ta ihu, "Kusurwa! Kusurwa!" Kuma Allah shaida, Ya'u ya juya ya nufi kusurwar, na gani da idona. Sai kalangu ya tashi daga bayan rumfar Alhaji. Ba kowane kiɗa ba, taken Baba. "Gatari, sara ɗaya, a kwashe itace." Na waiga, ga tsoho Idrisa, makaɗin Baba, wanda na ɗauka ya daɗe da ajiye kalangu.

Ya'u ya tsaya cik. Ya ɗaga hannu sama, ya yi kururuwa, ya tsallake igiya ya dira ƙasa, ya nufi kiɗan yana rawar Baba da bai taɓa gani ba. Mutane suka ɓarke. Suka ɗaga shi sama, Alhaji na manna masa kuɗi a goshin da ke zubar da jini, suka yi waje da shi zuwa cikin gari, kiɗa na binsu.

Kafin alƙali ya kai goma, Bazil ya dafa igiya ya miƙe. Alƙali ya waiga neman abokin karawarsa, babu. Ya tsaya ya ƙirga wa kusurwar da ba kowa, tiryan-tiryan har goma, sannan ya ɗaga hannun Bazil. Waɗanda suka ga wannan ba mu da yawa: ni, Metir, mutanen da suka rako Bazil daga Yamai, sai mata masu sayar da ruwa suna tsintar kwanoninsu da aka tattake. Bazil ya sauko da kyar ya ba Metir hannu, ya yi masa magana da Faransanci. Na ce me ya ce? Metir ya ce, "Ya ce tun da yake ba a taɓa bugunsa haka ba. Shina tambaya don mi yaron ya tahi." Daga nan ya naɗe tawul ɗinsa ya hau babur ya tafi.

Washegari na je gidan Alhaji. An bar ni a tsaye a zaure, gado ne dai. Da ya fito na ce, "Alhaji, kun yi alkawari ba kiɗa. Kun kashe ma yaron ga hanya."

Ya ce, "Ke Malama, wa ya hwaɗi? Maraɗi duka ta ga wanda ya hwaɗi."

Na ce, "An rubuta shi anka ci."

Ya ce, "Wa ya rubuta? Wa zai karanta? Mu nan dokar kakanninmu muka sani. Ki tahi ki sha ruwa, ɗiyata, yaron ga ya riga ya yi suna."

Ya sa a ba ni turmin atamfa mai launin jam'iyya. Na bar shi nan kan tabarma. Tun ranar rediyo ke shelar barka ga Alhaji da nasarar ɗansa, safe da yamma, har na cire batir.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, shi ne yadda mutumin nan ya tono makaɗin ubanmu, uban da bai yarda ya taka tabarmarsa ba, ya yi tallar kujera da shi. Ƙazanta ta wuce nan? Ya'u kuwa ban sa shi a ido ba. An ce Alhaji ya saya masa sabon babur.

Ka yi haƙuri da kunyar da ka sha. Allah ya isar mana.

Ƙanwarka,
Atika

Maraɗi, 20 ga Disamba, 1994

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ɗan'auta ya ce mini akwai takardar Yaya Atika a aljihunsa, na san abin da ke ciki, shi ya sa na ce ya haɗa da tawa.

Ba Alhaji ya kawo Idrisa ba. Ni ne. Da nake gudu zuwa Tsibiri da asuba, duk ranar da Metir bai biyo ni ba gidansa nake tsayawa. Na roƙe shi, ya ce ya tsufa, na yi ta roƙo har ya yarda. Ni na shigar da shi fili, kalangun a cikin buhu. Na ce masa, "Baba Idi, kada ka taɓa sai an ɗaga mini hannu." Ya ce to. Amma tsohon nan tun yana yaro kisa yake yi ma kiɗa. Ya ga bayan mutum a ƙasa, hannunsa bai jira shi ba. Ni ma da na ji, wallahi ban san lokacin da na fita ba. Sai a ƙofar gidan Alhaji na tuna da igiya.

Na je gareji, Metir yana kwance a ƙarƙashin wata motar kaya. Na yi sallama ya amsa, na tsaya har na gaji, bai fito ba. Ya kwance buhun daga bedi.

Amma Yaya, ka duba. Na kayar da shi ko ban kayar ba? Mutum dubu sun gani. Yau duk Maraɗi Gatari ake kirana, ba Ƙarami ba. Alhaji ya ce in riƙa raka shi mitin, tarukan siyasa, har a gama zaɓe, ni ne shugaban samarin da ke tsaronsa. Ba bugu, tsayuwa ce kawai.

In Mushe Tano zai sake shirya wani wasa, ina nan. Kada ka gaya ma Yaya Atika maganar Idrisa.

Ƙanenka,
Ya'u

Abijan, 29 ga Disamba, 1994

Zuwa ga ƙanwata Atika,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam Rashid da yara. Takardunku biyu sun iso tare.

Ya'u ya ce kada in gaya miki, amma ba zan bar ki kina ɗora wa Alhaji kaɗai ba. Shi da kansa ya ɗauko Idrisa daga Tsibiri, don ya ji taken Baba ko sau ɗaya. Na so in yi fushi, na kasa, domin ni na ji kiɗan nan tun ina riƙe wa Baba ruwa a fili, na san abin da yake yi wa ƙafa.

Na cire kunya na koma wurin Mushe Tano na ba shi labarin duka. Ya yi dariya har da hawaye. Bazil ne ya sa baki, Allah ya yi masa albarka, ya ce mai hannu irin wannan bai kamata a bar shi ya lalace ba. Ga abin da aka tsayar. Babu kwantiragi. Ya'u zai zo ya zama abokin gwajin Bazil, ya kwana a ɗakin horo, ya share shi, ya sha bugu ba mai kiran sunansa, har shekara. In ya natsu, sai a ba shi wasa. Mushe Tano ya ce wannan ce ƙofa ta ƙarshe, kuma bai taɓa buɗe wa kowa irinta ba.

Ɗan'auta zai taso daga Maraɗi kafin ranar zaɓe, na ce ya bar masa wuri a gaba. Ki kai wa Ya'u wannan takarda da hannunki, ki karanta masa abin da aka tsayar. Ki lallashe shi, Atika, ke yake jin nauyi ko da bai nuna ba. Salima ta riga ta gyara masa shimfiɗa. Zan je tasha in tarye shi.

Allah ya sa mu ji alheri. Wassalam.

Yayanki,
Abdulrazak

Jiratawa, 9 ga Janairu, 1995

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ka je tasha. Ɗan'auta zai iso shi kaɗai.

Na kai masa takardar, na karanta, na lallashe shi yadda ban taɓa lallashin kowa ba. Ya ce, "Shara? Ni?" Samarin da ke kewaye da shi suka fashe da dariya. Ya ce zai yi tunani.

Jiya ya zo Jiratawa, ba wurina ba. A bayan motar Alhaji yake tsaye, an naɗe masa hannu da ƙyallen jam'iyya. Akwai mijin ɗalibata Saudatu, dattijon da ke raba ruwa a gonakin koperatif na ƙungiyar manoma, yana zaune bakin hanya da 'yan ɗaya jam'iyyar. Da ake ta kirari sai ya ce, cikin raha, "Ya'u, ai Malama ta ce kai anka ci." Ƙanenka ya sauko ya buge shi. Tsohon ko tashi tsaye bai yi ba. Muƙamuƙinsa ya karye, yana asibitin Maraɗi, ba ya iya shan ko kunu. Da ya faɗi, mutane shewa suka yi.

Ni na tallafe kansa, jini har gwiwar hannuna. Ya'u ya gan ni, ya ce, "Yaya, ina wuni?" kamar a kasuwa muka haɗu. Na kau da kai.

Ka yi wa Bazil godiya. Ka ce wa Salima ta naɗe shimfiɗar. In za ka rubuto, ka tambaye ni yara, ka tambaye ni gona, amma kada ka tambaye ni shi.

Ka huta lafiya.

Atika